Tauren Liyatu a Ƙofar Malam Labbo

Duk Sabon Garin Kaura Namoda, wanda bai san muryar Liyatu Maman Dogara ba to baƙo ne. Ranar Lahadi ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, murya kamar za ta ɗaga kwanon majami'a. Sauran ranaku kuwa, da wannan muryar dai take wanke mutum tas a bakin famfo. In aka ce ta sassauta, sai ta ce, "Haka Allah ya yi ni." Ji fa, sai ka ce Allah ne ya aike ta zagin mutane!

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Malam Labbo mai sayar da gero da matarsa Kulsumu. Tun mijin Liyatu yana raye yana aikin reluwe suke da al'ada: jajibirin Kirsimeti Malam Labbo zai zo da wuƙarsa ya yanka mata taure, don maƙwabta Musulmi su ci nama hankali kwance. Da Sallah kuma cinya guda ta tsallako daga wurin Kulsumu.

Sai wata shekara ɗan ƙanen Liyatu ya zo hutu daga Zuru. Bai san dawan garin ba, ya yi sammako ya yanka tauren da kansa, wai ya rage mata aiki. Liyatu ta ga aikin gama ya gama, ta yi gum da bakinta, ta dafa ta aika wa Kulsumu kamar kullum. To, zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin la'asar kwanon ya dawo ba a taɓa shi ba. Maimakon kunya ta rufe ta, sai ta tsaya jikin katanga ta yi wa Kulsumu ta uwa ta uba, unguwa na ji. Daga ranar ko kallo babu. Naman Sallah ya zo, ta mayar da shi.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta bi bayanta. Wata Lahadi ta jibin Ubangiji, ranar da ake raba gurasa a majami'a, fasto ya faɗi abin da ya saba faɗa: mai riƙe da wani a zuciya ya je su shirya kafin ya miƙa hannu. Liyatu ta sha jin wannan magana, kullum tana ɗauka da matan bencin baya ake. Ran nan kuwa sunanta ne kawai bai kira ba. Farantin gurasa ya iso gabanta, hannu ya ƙi tashi. Ta bar shi ya wuce, ta koma gida ta durƙusa.

"Ya Yesu," ta ce, "bakin da nake yabonka da shi, da shi na kori maƙwabciyata. Ka karɓe shi ka gyara, ni kam ya fi ƙarfina."

Kada ka zaci ta kwana ta tashi salihar baiwa. Ina! Washegari ma sai da ta yi wa mai kayan miya rabin zagi, sannan ta tuna ta haɗiye sauran, mutumin ya bi ta da kallo yana zaton ba ta da lafiya. Amma ta ci gaba, yau ta faɗi gobe ta tashi. Abu ɗaya ya rage yana cin ranta, Kulsumu. Ta sani sarai muddin ba ta tsallaka katangar nan ba, ba za ta ƙara miƙa hannu ga farantin nan ba.

Da jajibirin Kirsimeti ya zo, ba ta aiki kowa ba. Da hantsi ta ja taurenta da kanta, yana turjewa yana kuka, har ƙofar Malam Labbo, mutanen da ke zaune a dakali sun saki baki.

Malam Labbo ya dubi tauren, ya dube ta. "Maman Dogara, yanka ba wuya. Amma ba ni kika zaga ba. Shiga ciki, in ta ce in yanka, in yanka."

Ta yi sallama ta shiga. Kulsumu na daka, ba ta ko ɗago kai ba.

"Mi ya kawo ki gidan waɗanda kika ce ba su da mutunci?" in ji Kulsumu. "Ko akwai sauran zagin da kika mance?"

Tsohuwar wutar nan ta taso wa Liyatu. Amsa uku ta zo mata a take, kowace ta isa ta rusa gida. Ta danne su, ta durƙusa a gaban turmin.

"Kulsumu, na san ba Malam ya yanka naman nan ba, na ɓoye maki. Da asirina ya tonu, kunyata ce ta koma zagi. Ubangijina ya hana ni sakat. Ki gafarce ni."

Taɓaryar ta tsaya.

"Ke dai bari," in ji Kulsumu. "Nama mine ne? Mardiyya tawa, ɗiyar da kika goya a bayanki, an yi mata aure Shinkafi bara. Tun safe take leƙen ƙofa tana cewa, 'Inna Liyatu za ta zo.' Har mota ta tashi da ita tana waige."

Liyatu ta ji kamar an soke ta. Wannan kam ba ya gyaruwa, ta sani, kuma ba ta nemi hujja ba. Ta yi kuka sosai, irin na babba.

Kulsumu ta share ido da bakin zane, ta ɗaga murya wajen zaure. "Malam! A wasa wuƙa!" Sannan ta kama hannun Liyatu ta tashe ta.

"Tashi hakanan, ki adana hawayenki. Cikin Mardiyya ya tsufa, wata mai kamawa za ta zo gida haihuwa. Ni ƙugu ya ƙi, ba ni iya ɗaukar tukunyar ruwan wanka. Ki zo da wuri."