Baba Tela Bai Iya Eh ko A'a Ba

"Baba, eh ko a'a kawai takardar nan take so," in ji 'Yar Boko. "Kana zuwa asibiti in ba ka da lafiya?"

Baba Tela, maƙwabcinsu, ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya gyara tabarau. "To, a shekarar da allura ta shige mini ɗan yatsa..."

Shi ke nan, yau ma yini ya tafi. Binciken kammala karatunta a kan lafiyar tsofaffi ne, ranar miƙawa ta ƙarato, ga shi duk layin an ƙi amsa mata tambayoyi. Mai aski ya ce haraji ne aka yi wa kwalliya. Mai gyaran keke ya ce sai an gaya masa abin da za a raba. Baba Tela kaɗai ya yarda, shi kuwa tambaya ɗaya sai ya yi mata aljihu da wuya da surfani.

"Gwiwar tana ciwo sosai, ko kaɗan?"

"Ke jikata, ciwo yadi ne da za a sa masa tef?"

Haka za ta koma gida tana tsaki tana dariya, zare manne a zaninta.

Wata safiya Baba Tela ya karya kumallo, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya buɗe shago. Ashe tafiyar ke nan. 'Yar Boko ta yi kuka har idonta ya kumbura. Takardarsa ma rabi ce, kuma a ƙa'ida wadda ba a gama ba ba ta shiga lissafi. Bincike ya koma babu kowa.

Bayan an share makoki, aka yi sallama da ita a ƙofar gida. Ta fito ta tarar da tsofaffin layin jere a bencin ƙofar shagon Baba Tela.

"Ɗauko takardun," in ji mai aski. "Tun yana raye marigayi ya hana mu sakat. Ya ce wanda bai amsa miki ba, bai yafe masa zaman bencin nan na shekara da shekaru ba."

"Kuma ya rantse ba a raba komai," in ji mai gyaran keke. "Mun haƙura."

Ta ɗauko, ta jawo kujera tana share ido. Tsofaffin suka matsa juna suka gyara zama. Can ƙarshen bencin, jikin rufaffiyar ƙofar, akwai gurbin mutum ɗaya, ba wanda ya zauna a wurin.