Katakon Bariki

A shekarar da Nasara suka soma ginin bariki a Dakoro, annobar kaji ta share gidan Na'Allah tas, ba ta bar wa matarsa Hawwa'u komai ba sai jar kaza guda. Kazar nan kuwa ba ta sayarwa ba ce. Jikanyar wadda uwar Hawwa'u ta ba ta ce ranar da aka kawo ta daga Ɗan Gulbi, uwar kuma ta riga mu gidan gaskiya. Da kazar ta ƙyanƙyashe, Hawwa'u ta rasa sukuni, don gara ta cinye tsohon akurkin kara, ga shirwa tana shawagi a kan gidan.

Na'Allah kafinta ne, yana cikin masu yi wa kumandan, babban Nasaran wurin, ƙofofi da tagogi. Hannunsa na da kyau, ya san da haka, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa cewa ya sani ba. A bariki ne ya ga katakon da ake kawowa daga kudu, baƙi wuluk, an jiƙe shi da wani mai mai warin kwalta, gara ba ta ko raɓarsa. Ya roƙi guntaye aka ba shi, ya ɗauko su a ka har gida. Akurkin da ya haɗa kam sai wanda ya gani: ga ƙafafu, ga ƙofa mai sakata, ko tsinke ba zai shiga tsakanin katako da katako ba. Kafin ya buga ƙusar ƙarshe ya riga ya gayyato abokansa su zo kallo ranar kasuwa.

Hawwa'u ta yi godiya har da guɗa, ta sa kaza da 'ya'yanta a ciki. Amma bazara ce. Rana na take tsaka katako ya soma tsattsafo da baƙin mai, wari ya cika wurin. Da ta buɗe da la'asar sai ta tarar da 'yan tsaki sun yi laƙwas, idanu na ruwa, ƙafafu duk sun baƙanta, ɗaya ya miƙe ba rai. Ta kwashe sauran tare da uwarsu ta kife su da kwando a inuwar ɗakinta, ta zauna ta yi kuka sosai.

Tsoro ya kama ta. In ta yi shiru, mijinta zai sa a mayar da su don baƙi su gani, irin kazar uwarta ya ƙare ke nan. In ta yi magana, ta ce wa Na'Allah aikinsa bai yi ba, abin da ko Nasaran bariki bai taɓa ce masa ba. Ranar kasuwa da hantsi, yana shirin shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya tambaye ta dalilin da ya ga akurki wayam. Ta durƙusa ta nuna masa ƙafafun 'yan tsakin, ta faɗa masa wanda ya mutu.

Ta ce, “Maigida, aikinka ba shi da laihi. Itacen ne. Abin da gara ta ƙi ci, su ma ba su iya kwana cikinai.”

Na'Allah ya ajiye tabarmar. Ya sa kai cikin akurkin, ya jima, ya fito yana murza ido. Daidai nan aka yi sallama, Mainassara mahauci da sauran abokai sun iso. Hawwa'u ta shige ɗaki.

Sai ta ji guduma. Ta leƙo ta ga Na'Allah ya jawo akurkin gaban mutane yana ɓalle shi katako bayan katako. Mainassara, wanda bakinsa ba ya ajiya, ya tambaya ko kallon rusau aka kira su, aka kwashe da dariya. Na'Allah ya bari suka yi mai isarsu. Sannan ya gaya musu a fili cewa shi ya yi kuskure, gara ya duba bai duba kaji ba, kuma mai ɗakinsa ce ta gano. Ya ƙara da cewa kada kowa ya ɗauki guntun nan ya kai murhu, hayaƙinsa ma ba abin yarda ba ne. Ni dai ban san maza da yawa da za su iya faɗin haka a ƙofar gidansu ranar kasuwa ba.

Ƙafafu huɗun kawai ya bari, ya kafa su a ƙasa inda gara take, ya shafe su da laka mai kauri. Sama kuwa ya saƙa ta da rassan geza da kara, iska na ratsawa. Da ya gama da yamma bai taɓa kwandon ba, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kira ta.

Ya ce, “Taho ki sa kanki ki sansana. In kin ce a'a, gobe in sake wani.”

Hawwa'u ta durƙusa ta sa kai. Ƙanshin ɗanyen geza ne kawai da laka. Ta koma ta ɗaga kwandon da hannunta.