Tankin Maki Ɗaya

Shekara talatin yana gaya wa mutane shi mai zanen gini ne, shekara talatin suna ce masa Injiniya. Ya gaji ya bari. Abin da bai taɓa wasa da shi ba shi ne hatiminsa, ɗan ƙarfen nan mai ɗauke da lambar lasisinsa. Duk zanen da ya buga wa shi, ginin ya zama nasa ke nan har ranar da ɗayansu zai faɗi.

Ya buga shi a kan zanen makarantar Hajiya, bene hawa biyu, aji takwas. Babu tanki a zanen.

Tankin ya zo ne daga baya, ta hannun ɗan ƙanwarsa, wanda magina suka laƙaba wa Mai Ganye. Ya yi kwas na sati shida a wani kamfani mai zaman kansa da ke ba gine-gine maki idan suna tattalin ruwa da wuta, sannan a manna musu allo mai hoton ganye. Maki ɗaya ya rage makarantar ta sami allon zinare, kuma tara ruwan sama maki ɗaya ne. Kafin kawun ya dawo daga wani aiki, an ɗora tankin kankare a kan rufi, daidai saman ɗakin 'yan aji biyu.

Ranar Litinin ya ga wata tsaga a silin ajin, siririya kamar gashi. Ya kira injiniyan gaske, shi kuwa ya ce sai mako mai zuwa. Sai ya yi dabarar tsofaffin magina: ya yanko gilashi tsawon yatsa, ya manna shi a gicciye kan tsagar. Idan tsaga barci take, gilashi zai zauna lafiya. Idan tana motsi, zai fashe.

"Kawu, fenti ne ya tsage," in ji Mai Ganye, yana kallonsa daga ƙasa. "Kai kullum a firgice kake. Na duba littafinmu, tankin nan ya cika duk ƙa'ida."

"Littafin naku ya faɗi nauyin ruwa?"

"Wannan ba sashenmu ba ne."

"Na sani, ɗana. Sashena ne. Idan ya rufta, ku allo za a cire muku daga bango. Ni za a cire daga rajista, in na yi sa'a ke nan."

Hajiya ma ba ta so jin zancen ba. Ranar Alhamis mutanen kamfanin za su zo manna allo, kuma suna so su ga tanki a cike. "Injiniya, don Allah ka bar mu mu sha bikinmu," ta ce. "Bayan Alhamis ka yi duk abin da ka ga dama."

Talata gilashi lafiya. Laraba da safe ma lafiya. Da azahar sama ta ɓalle, aka yi ruwa har la'asar, tanki ya cika. Yana zaune a ofis yana lissafin lita da tan a bayan ambulan, ya sake, ya sake, amsar ba ta canza ba. Shayinsa ya yi sanyi a gabansa.

Alhamis da safe ya tarar an jera kujeru a tsakar makaranta, an rufe allon da koren ƙyalle. Ya wuce kowa ya hau bene. Yara talatin da ɗaya suna karatu da ƙarfi. Ya taka tebur, gwiwarsa na ƙara, ya ɗaga kai. Gilashin ya rabu biyu.

"Malama, fitar da su."

"Zuwa ina, Baba?"

"Duk inda babu rufi. A hankali, kada su yi gudu."

Sai da na ƙarshe ya fita sannan ya hau kan rufi. Mai Ganye ya biyo shi cikin sabon kwat yana haki.

"Kawu, ka yi wa Allah! Awa ɗaya kawai. Su gani, su sa hannu, su tafi."

"Tambayi silin ko ya yarda."

Ya kama kan bututun zubar da ruwan tankin da hannu biyu ya murɗe. Ruwa ya sauka ta indararo, ya malale tsakar makaranta, ya bi ƙarƙashin kujeru. Baƙi suka ɗage ƙafafu. Mutanen kamfanin suka dubi juna, ɗaya ya rufe fayil ɗinsa.

Hajiya ta tare shi a bakin matakala, gefen zanenta a jiƙe.

"Wallahi sai na kai ƙararka hukumar lasisi!"

"Ki kai, Hajiya. Dama a nan ni kaɗai ne suke da lambata."

Ya koma aji biyu, ya ciro wani gilashin daga aljihu, ya manna kusa da fasasshen. Sannan ya ja kujerar yaro zuwa bakin ƙofa ya zauna, ƙafa ɗaya a waje. Tankin zai ci awa biyu kafin ya tsiyaye. Ya dubi agogo. Minti tara kawai suka wuce.