Tantabarar Gust a Kan Bututun Hayaƙi

Ranar Juma'a aka yi wa maƙwabcina Gust aikin ƙaba, aka sallame shi da yamma. Ba su tsaga cikin ba, ƴan huji uku kawai suka yi. Ya ɗaga riga ya nuna min, na daɗe ina kallo, ina tunanin ta inda hannun likita ya bi.

"Allura suka yi wa jijiyoyin wajen, sun yi barci," in ji shi. "Mintsine ni, Remi."

Na mintsine shi. Dariya ya yi.

Matarsa Lieve ta ajiye masa ƙwayoyi da ruwa. "Likita ta ce ka fara sha tun allurar ba ta sake ka ba."

"In sha maganin ciwon da ba na ji? Barci zai sa ni, gobe kuwa Fada zai dawo."

Fada namijin tantabara ne mai farin wuya. An tsallaka iyaka da shi zuwa Faransa tare da sauran tantabarun tsere, za a sake su da safe, kowace ta nufo gida. Wannan ne tseren Gust na ƙarshe, don gwiwoyinsa sun gaji da tsanin hawa akurkin da ke saman gida, kuma burinsa ɗaya: sau ɗaya a rayuwa tantabararsa ta riga ta Staf, mahaucin unguwarmu, isowa. Sai tsuntsu ya taka ƙofar akurki na'ura take ɗaukar lokacinsa. Fada kuwa ba ya shiga sai ya ga Gust a taga.

Washegari da hantsi jijiyoyin suka farka gaba ɗaya. Na tarar da shi a gado ya naɗe, ya rungume matashi, gumi na zuba.

"Ba ni ƙwayoyin, Lieve!"

"Yanzu ka san da su, tsohon banza? Sha. Sai ka jira su kama."

Bai gama haɗiyewa ba muka ji fuka-fuki. Fada ya sauka a kan bututun hayaƙin da ke rufin gidan, sararin sama fayau, babu tantabara ko ɗaya a rufin Staf.

Gust ya yunƙura, ya koma ya kwanta. "Remi, sa rigata ta aiki da hulata. Hau!"

Na sa su, na hau tsani, na leƙa ta tagar akurki, na kaɗa gwangwanin masara. Fada ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, wani ido ja mai zobe-zobe kamar kututturen da aka yanka. Ya ci gaba da gyaran gashinsa.

"Ba haka ake kaɗawa ba, jaki! A hankali!" Gust ya yi ihu daga ƙasa. Ihun ya ja masa ɗinkin, ya saki wata ƙara mai tsawo.

Ita Fada ya gane. Ya buɗe fuka-fuki, ya wuce ni, ya faɗa ta tagar ɗakin kwana. Na sauko da gudu na same shi a kan bargo, yana tattaki a ƙirjin mai gidansa.

"Ba nan ba," Gust yana cewa kamar zai yi kuka. "Sama, ɗan banza, sama."

Na cafke shi na sake kama tsani da hannu ɗaya. Ina tsakiya na hango tantabarar Staf ta zo ta shige akurkinta ba ko tsayawa.

Da na dawo ƙwayoyin sun fara aiki. Gust ya juya wa bango fuska.

"Ya ya ciwon?" na ce.

"Ya tafi," in ji shi. "Cire min hulata daga kanka."