Zobon da Salmatu Ta Jiƙa

Ranar da na ji numfashin Maharazu a sahun sallah, yana haki kamar wanda ya hau dutse alhali ruku'u kawai ya yi, na san akwai abin da ke tafe, kuma ba mai daɗi ba ne.

Shi ne ɗana na fari, direban babbar mota. Tun da kuɗin fetur suka cika ƙasa motarsa ba ta hutawa tsakanin Katsina da Maraɗi. A bakin iyaka nan Jibiya direbobi kan yini suna jiran 'yan kwastan, ba aikin yi sai ci. Balangu, tozo, shinkafa da man shanu, a kora da lemon kwalba. Maharazu ya yi tumbi, wuya ya ninke. Mutane suka riƙa yi mini barka, wai arziki ya zauna wa yaro.

Da kyar na ja shi wurin likita a Katsina. Likitan ya latsa ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya ɗebi jini. Da muka koma ya ce, "Malam Ummaru, hantarsa ta kumbura, kitse ya taru a ciki. Jinin ma maiƙo ya yi masa yawa. Ya bar kitse, ya bar zaƙi."

Na ce, "To magani fa?"

Ya ce babban maganin shi ne bakinsa. Amma akwai wani abu a jikin tsirrai, shi ke ba zobo ja da bauri, akwai shi a ganyen shayi ma. Masu bincike na zaton yana taimakon hanta ta rage tara kitse, sai dai ba su tabbatar ba. "Ya sha, amma kada a sa sukari."

Washegari na tafi kasuwar Daddara na auno zobo. Mahaifiyarsa Salmatu ta riƙa jiƙawa tana cika masa gora duk tafiya. Farko yana sha yana yamutsa fuska. Ya ɗan faɗa, hakin ya ragu. Daga baya na ga gorar tana dawowa ba ɗigo, shi kuma tumbin yana dawowa. Na kasa zama. In buɗe shago, in rufe, in leƙa titi.

Wata Lahadi da hantsi ya manta gorar a zaure. Na ɗauka na bi shi bakin iyaka, motoci sun yi layi har wajen gari. Na same shi a rumfar Lado mai nama, zaune gefen wani attajirin Maraɗi da yake ɗaukar wa kaya, ga tozo a takarda yana naso.

Lado ya ce, "A'a, Malam Ummaru, ɗan sanda aka zama? Bar yaro shi ci. Kwanaki da ya rame cewa aka yi jari ya karye!"

Attajirin ya yi dariya. "Ni ma har na fara tunanin canza direba. Ramamme ina zai iya da mota?"

Maharazu ya taso ya ja ni gefe. "Baba, Alhaji ne ya saya. In ce masa ba na ci? Gobe wani zai ba kayan."

"Hantar taka fa, ita ma Alhaji zai ba ka wata?"

"Ai ina shan zobon. Kullum sai na shanye."

Rana ta dake ni, maƙogwaro ya bushe. Na cire murfin gorar na kurɓa. Zaƙi kamar zuma.

Ban san lokacin da na iso gida ba. Salmatu tana tankaɗe. Na ajiye gorar a gabanta.

Ba ta ko ɗago ba. "Ni na sa, Malam. Yaro yana wahala a hanya, in ba shi abu mai tsami kamar ba uwarsa ta jiƙa ba? Maƙwabta har tambayata suke ko ciwo yake ɓoyewa."

"Ciwon ai shi ne ƙibar, Salmatu."

Ta ajiye rariya. "Tunda nake ban taɓa jin ƙiba ta zama ciwo ba."

Na zauna a kan turmi na faɗa mata yadda Maharazu ya yi tsalle lokacin da likita ya latsa cikinsa. Ban taɓa faɗa mata ba, don kada hankalinta ya tashi. Can ta tashi ta zubar da na cikin gorar, ta ɗauraye, ta jiƙa sabo. Na tsaya a kanta har ta rufe.

Yanzu ni nake kai masa bakin iyaka da kaina, in tsaya har ya sha. Abin da yake ci in ya tsallaka Maraɗi, ban gani ba. Likita ya ce mu koma bayan girbi ya sake dubawa. Ko hantar ta saɓe, ban sani ba. Ko zobon yana yin wani abu, shi likitan ma bai sani ba.