Ni na kankare wilin

A'a, daina zagin dutse, dutse bai yi maka komai ba. Ni na kankare wilin motar. Da wuƙar yankan albasa, sai da na lanƙwasa mata baki. Rage murya, ɗan nan, babanku na ɗaki.

Na san ni na ce ka kai ƙafafun a gasa musu fenti. Ba sai ka tuna min ba, tsufa na yi, ban haukace ba.

Shekara talatin mutumin nan na hawa duwatsu da jif ɗin nan. Duk dawowa sai ƙarafan ƙafafun sun sha karta, shi kuwa ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya goge da samfefa, ya ɗiga farin fenti. Ko bayan ya miƙa maka makulli, wannan aikin bai sakar maka ba. Kai ka karto, shi ya shafe. Wili huɗu, fari kala bakwai, kamar haƙoran maƙwabcinmu. Ni kuma in yi ta mita: warin fenti, zanena duk ɗigo, gwangwanaye har ƙarƙashin gado.

Da ka zo da labarin wata hoda da ake fesa wa ƙarfe a sa a wuta ta kama kamar kwanon sha, wa ya fi ni rawar kai? Na ce a huta da ƙazanta.

To, an huta. Ranar da ka dawo da su baƙaƙe sumul, ya zagaya motar sau biyu, ya shafa, ya ce, "Sun yi kyau." Ya shige ɗaki. Wata biyar ke nan. Da, ƙarar injinka kawai zai ji ya fito yana neman tabarau. Yanzu sai na kira sau uku kafin ya ɗaga kai. Abinci ma ɗanɗanawa yake, kamar baƙo mai kunya.

Shi ya sa na yi masa ɗan wurin da zai taɓa. Tsawon yatsa ne fa, kake ta tsalle.

Tsatsa za ta bi ta ƙarƙashi ta ɓare hodar? Madalla, aiki ya samu. Gobe ka faka a ƙofar ɗakinsa, ka ce dutse ne.

Me ka ce? Mai gashin ya rantse za su shekara goma ba a taɓa su ba?

Ɗaga labule ka dubi babanku da kyau. In ka ga shekara goma a jikinsa, mayar a sake gasawa.