Ranar da Baƙuwa Ta Ci Abincinmu

Gidauniya sittin da uku na rubuta wa a cikin wata goma sha huɗu. Ba ƙari nake yi ba, sunayensu suna nan a littafina, kowacce da abin da take so da abin da ba ta so. Wannan matasa take tallafa wa. Waccan dashen itatuwa a bakin teku. Wata ta ce mata masu kasuwanci ta waya, wata ta ce kunkurun ruwa. Kunkuru fa! Ba ni da gaba da kunkuru, Allah ya raya shi, amma ranar da na ga abin da aka ware masa a kwamfuta, na waiwaya na dubi ƙafar mahaifiyata, sai da na tashi na fita waje.

Sunana Jumriani. Ni ce sakatariyar ƙungiyar unguwarmu, ni ce mai rubutu, ni ce mai share ofis, in dai za a kira ɗakin nan ofis. Unguwar tana bayan tafkunan kifi, tafiyar awa uku daga birnin Makassar, kuma tun zamanin kakanni nan ake kawo wanda kuturta ta kama a ajiye shi. A nan aka haife ni. Cutar ba ta taɓa ni ba, su ma dattawan sun sha magani sun warke tun ina goye. Sai dai abin da ta ci ta riga ta ci. Ƙafafunsu ba sa jin komai. Mutum zai taka ƙusa ya wuni yana yawo da ita, sai da yamma ya ga jini a tabarma. Daga nan gyambo, daga gyambo sai wuƙar likita.

Abin da ya tsaya tsakaninsu da wuƙar nan takalmi ne. Daeng Ngalle ke yin sa, tsoho mai yatsu uku a hannun dama da bakin da ba ya hutawa. Sai ya auna kowace ƙafa, ya yanka wata roba mai laushi da ake kawowa daga birnin Surabaya, ya rarake daidai inda ƙashi ya turo. Takalmin mummuna ne, baƙi ƙirin, kamar an yanko taya. Amma shekara ashirin ba a yanke ƙafar kowa ba a unguwarmu. Wata ƙungiyar Turawa ce take sayen robar, har ranar da suka aiko cewa alƙalumansu sun nuna an ci ƙarfin cutar, za su koma wata nahiya. Suka bar mu da falle uku na roba da ƙafafu sama da tamanin.

Cikin ƙafafun nan har da ta Mama, wadda kowa ke kira Daeng Sunggu, Daeng ɗin laƙabin girmamawa ne a wurinmu. A diddigenta na dama akwai tsohon gyambo da ya rufe da ƙyar. Likita ya gaya mana a fili, in ya sake buɗewa ya kai ƙashi, shi ke nan. Takalminta kuwa ya suɗe, saura kaɗan ya zama takarda. Na ce Daeng Ngalle ya yanka mata daga falle ukun nan, ta ce ba ta riga kowa zuwa layi ba.

Ana nan sai ta sittin da uku ta amsa. Na karanta saƙon sau huɗu don in tabbata ba mafarki nake ba. Sun ce takardarmu ta kai zagayen ƙarshe, kuma za su turo ma'aikaciyarsu daga Jakarta, Ibu Laras, ranar Alhamis ta sama, ta ga halin da muke ciki da idonta. Ibu a ƙasarmu kamar a ce Malama ne ko Mama.

Na tara mutane a barandar masallaci bayan la'asar. Wata goma sha huɗun nan sun koya mini abu ɗaya, masu bayarwa suna auna buƙata ne da ido. Don haka na ce: "Don Allah ku saurare ni. Kada a share, kada a shafa fenti, kada kowa ya ari kaya. Mai gyambo ya bar shi a buɗe. Yadda muke, haka za ta gan mu."

Sai Daeng Ngalle ya ce: "To 'yar nan, ƙudan fa? Mu gayyato su tun Laraba, ko za su zo da kansu?"

Aka kwashe da dariya. Mama ba ta yi ba.

"Jum," in ji ta, "baƙuwa za ta taso tun daga Jakarta, ta hau jirgi, ta hau mota, mu tarbe ta da ruɓaɓɓen nama? Wannan karatun naki ne ya koya miki?"

"Mama, ba biki ta zo ba. Ta zo ta ga ko muna da buƙata."

"To ki gaya mata da baki. Ba ki rubuta ba? Ƙarya kika rubuta?"

"Gaskiya na rubuta."

"To gaskiya ba ta buƙatar mu tuɓe. Baƙonka Annabinka. Shekarata arba'in da ɗaya a unguwar nan, 'yan gwamnati sun zo, masu allura sun zo, kowa ya tsaya a bakin hanya da hannu a aljihu. Wannan an ce za ta wuni. Wanda zai wuni zai ci abinci. Ni dai ba za a ce ta zo gidan Sunggu ta tarar da tsiya a shimfiɗe ba."

Na ce: "Wallahi Mama, da hannunku za ku kashe mu."

"Wane hannun?" in ji Daeng Ngalle, ya ɗaga dungulminsa sama. Aka sake fashewa da dariya, taron ya watse a haka.

Kwana shida unguwa ta tashi kamar ana shirin Sallah. Mutanen da ke lallaɓa shinkafar wata ta kai, su ne suka haɗa kuɗin fenti. Aka shafe shagon takalmi da shuɗi. Aka aro kujeru daga makarantar firamare. Daeng Ngalle ya tattaro tsofaffin takalman da aka yar, ya goge su da man kwakwa, ya jera a kantar da ta yi wata shida babu komai. Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi kuka a bayan ofis. Ko a jikinsu.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga ɗakin Mama na same ta zaune bakin gado. Ta sa farar safa, tana cusa ƙafarta cikin wani sau-ciki mai ruwan ƙasa, mai tauri kamar katako. Na san takalmin. Ta saye shi ne shekara tara da suka wuce don bikin gama karatuna a Makassar. Da ranar ta zo ta ce kanta na ciwo, ba ta je ba. Sai daga baya na gane tsoro ta ji kada ƙawayena su ga hannunta.

"Mama, cire."

"Wuni ɗaya ne."

"Likita ya ce ko awa ɗaya—"

"Likita ne zai tarbi baƙuwar? Ba zan tsaya gabanta da tayar mota a ƙafa ba. Ai ba na jin komai."

"Shi ne matsalar, Mama, ba kya jin komai!"

Muna haka muka ji ƙarar mota.

Ibu Laras 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta wuce sa'ata ba. Ba zan yi mata ƙarya ba, mutuniyar kirki ce. Ta bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ta miƙa hannu, ba ta kuma goge shi a jikin siket ba, don na sa ido. Mama ce ta zagaya da ita unguwa, daga masallaci zuwa rijiya, daga rijiya zuwa shago, tana takawa ƙwas ƙwas kamar amarya.

A shago Ibu Laras ta dubi kantar nan cike da takalma masu sheƙi, ta ce wa Daeng Ngalle: "Baba, mene ne babbar matsalarku a nan?"

Na zuba wa Daeng Ngalle ido, ina roƙonsa a zuci. Mutumin da jiya-jiya ya ce mini in roba ta ƙare zai rufe shago ya je ya kwanta ya jira Mala'ikan mutuwa. Ya gyara hula ya ce: "Alhamdulillahi, Ibu. Ba mu rasa komai ba. 'Yar roba ce dai take ɗan yin wuya, amma muna lallaɓawa."

Na ce: "Ibu, falle uku ya rage. Waɗannan tsofaffi ne aka goge."

Ta gyaɗa kai ta rubuta. Ta kuma rubuta nasa.

Da azahar aka shimfiɗa tabarma a gidanmu. Ga gasasshen kifin tafki da muke kira bolu, ga burasa, wato shinkafa dafaffiya a ganyen ayaba, ga barongko, kayan zaƙin da Mama ta tashi tun asuba ta dama ayabarsa da madarar kwakwa. Mata sun cika ƙofar kicin suna leƙe. Kowa a unguwar ya san abin da ke biyo baya, baƙo zai dafe ciki ya ce ya ƙoshi, ko ya ce yana azumin nafila. Mama ta durƙusa, ta ɗauki barongko ɗaya tsakanin tafukanta biyu, don ba ta da yatsun riƙewa, ta miƙa.

Ibu Laras ta karɓa daga hannunta. Ta warware ganyen ta ci. Ta lumshe ido ta ce: "Kai! Ibu, akwai ƙari?"

Na ji wata ta ja majina a kicin. Na dubi Mama. Tun da nake ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar aurena. A lokacin kuma na hango wani ɗan jan tabo a bakin safarta ta dama. Ina zaune kusa da ita, hannuna bai fi taƙi biyu da ƙafar ba. Da na fizge takalmin nan a gaban baƙuwa, da an gama magana, da tallafin ya zama namu. Na san haka sarai. Ban iya ba. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Motar ta tashi bayan la'asar, an cika bayanta da ayaba da busasshen kifi. Kafin magariba na zaunar da Mama na zare takalmin. Safar ta manne da naman, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi. Ita kuwa tana ta magana a kaina: "Uku ta ci, Jum. Kin ƙirga? Uku."

Wasiƙar ta zo bayan sati uku. Ban nuna wa kowa ba, don a lokacin muna ta jigila tsakanin gida da asibiti. Sati shida bayan Alhamis ɗin nan aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Kwana huɗu da aikin, tana kwance a ɗakin mata, ta ce: "Baƙuwarmu ba ta aiko ba?"

"Ta aiko."

"To karanta mana."

Na ciro waya na karanta mata, ina mayar da shi harshenmu. Sun gode. Sun ce abin da wakiliyarsu ta gani ya burge su ƙwarai, al'umma mai tsabta, mai haɗin kai, mai dogaro da kanta, abin koyi ga sauran wurare. Sun ce masu nema suna da yawa, dole suka fifita inda buƙata ta fi tsanani. Suna yi mana fatan alheri. A ƙasa Ibu Laras ta ƙara layi ɗaya nata na kanta, cewa ta yi iya ƙoƙarinta a gaban kwamiti, kuma ba za ta manta da barongkon Daeng Sunggu ba.

Na ajiye wayar na dubi Mama. Na ɗauka yanzu za ta gane, yanzu za ta ce Jum kin faɗa. Na ma shirya abin da zan ce don in lallashe ta.

"Da sunana ta rubuta?"

"Da sunanki."

"Sake karanta wurin."

Haushi ya turnuƙe ni, na ji kamar in yi jifa da wayar. Na sake karanta mata. Ta sa na maimaita da ƙarfi don matar gadon kusa ta ji.

Da yamma Daeng Ngalle ya zo a bayan babur, da ƙunshi a hammata. Ya yanka falle na ƙarshe ya yi mata takalmi, ƙafa ɗaya, ta hagu. Ya ajiye a ƙarƙashin gado ya ce: "Sunggu, kin yi mini rangwame, rabin aiki." Babu wanda ya yi dariya, shi ma ya juya yana kallon bango.

Na samo gidauniya ta sittin da huɗu a satin. Fom ɗinsu yana neman hoto guda da ke nuna girman matsalar. Na tsaya a ƙarshen gadon da waya a hannu, na ce: "Mama, saura mutum arba'in masu ƙafa. Ki bari in ɗauka."

Ta dubi dungulmin da bandejinsa, ta dube ni.

"To," in ji ta. "Dakata."

Ta yunƙura ta zauna. Ta gyara mayafinta da tafukanta biyu. Ta jawo zanenta a hankali ta rufe wurin ruf, ta shafe shi ya kwanta. Sannan ta ɗora hannuwanta ƙarƙashin mayafi, ta ɗaga kai ta yi murmushi.

"Ɗauka yanzu."

Na ɗauka.